Kwana 5 a wani tsohon gida cikin birnin Fas

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya fi shekara 30 yana cewa zai je Fas ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani. Tun muna yara, in ya idar da lazimi ya shafa, sai ka ji ya ce "Allah Ya kai mu Fas," har muka ɗauka haka ake rufe addu'a. Da 'ya'yansa suka haɗa masa kuɗin tafiya sai aka rasa ɗan rakiya, kowa da uzurinsa. Aka ce ni in je, tunda ba na rabo da waya kuma na ɗan taɓa Faransanci a makaranta. Biza a Abuja muka nema, masauki kuwa ni na kama ta intanet. Da na ce masa, "Kawu, na samo mana riyad," sai ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai, ni Fas na ce maka, ba Saudiyya ba." Da ƙyar na fahimtar da shi cewa haka mutanen Maroko ke kiran tsohon gida mai lambu a tsakiya wanda aka mayar masaukin baƙi.

A watan Janairu muka tashi, hunturu na kaɗawa a Kano. Muka sauka Legas, muka kwana a kan kujerun filin jirgi, da asuba muka hau jirgin Kasabulanka, tafiyar awa 4 da 'yan kai. A filin jirgin Muhammad na Biyar layin shige da fice ya yi tsawo amma yana tafiya. Jami'in ya tambayi inda za mu sauka, na miƙa masa takardar masauki, ya buga hatimi, ya sa wata lamba a jikin fasfo. Ban kula da lambar ba sai da aka neme ta a masauki. Na canza dala 200, aka ba ni dirhami kusan 2,000, na sayi layin waya, muka gangara ƙasa inda jirgin ƙasa ke jira a cikin filin jirgin kansa. A tashar Casa Voyageurs muka sauya zuwa na Fas, tikitin aji na biyu bai kai dirhami 200 ba kowane mutum.

Awa 4 muka yi a hanya, ta Rabat da Kenitra da Meknes, babu shinge, babu mai miƙo hannu, sai mai duba tikiti da ya zo sau ɗaya. Kawu bai runtsa ba. Gonakin alkama kore shar, itatuwan zaitun a jere a kan tuddai, ƙasa jiƙe. Ya ce, "Ikon Allah, su da sanyi ake yi musu damina." Wata dattijuwa da ke zaune daura da mu ta ɓare lemo ta miƙo masa rabi ba tare da ta ce uffan ba. Ya yi mata godiya da Larabcin zaure, mai cikakken wasali, ta yi dariya har tana rufe baki, ta ce da ɗanta wani abu. Ɗan ya fassara mini: wai bawan Allahn nan magana yake kamar liman a kan mumbari. Wannan dariyar ta bi mu har muka bar ƙasar, don Larabcin da suke yi a titi, Darija, cinye wasula yake, sai ka rantse baƙaƙe kawai suke haɗawa.

Daga tashar Fas muka shiga 'yar jar tasi, direban ya kunna mita, ya sauke mu a dandalin Rasif a kan dirhami 20. Nan mota ta yi iyaka. Tsohon birnin, Fas al-Bali, mota ba ta shiga, ko babur da wuya ka gani. Wani mutum ya taso da amalanke ya loda jakunkunanmu, ya karanta sunan lungun a wayata, ya kama hanya da sauri kamar an biyo shi. Muna haki muna binsa. Lungu ya haifi lungu, wani a rufe da gini ta sama sai ka ce rami, wani in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bango biyu. Can muka ji ana ihu "Balak! Balak!" Kafin in gane, mai amalanken ya fizgo Kawu ya manna shi da bango, wani alfadari ya wuce ɗauke da tukwanen gas. Kalmar farko ke nan da muka koya a Fas, ma'anarta a kauce.

Gaskiya zuciyata ta fara tsinkewa. Bangayen sun yi furfura, filasta na ɓarewa, wasu gidajen an tokare su da katako don kar su faɗa wa na gabansu, babu taga sai 'yan ƙananan huji can sama. Na ce a raina hotunan intanet sun ci kuɗin bayin Allah, me zan gaya wa 'ya'yan Kawu. Mai amalanken ya tsaya a ƙarshen wani lungu da ba ya ɓullewa, gaban wata tsohuwar ƙofar katako mai ƙusoshin ƙarfe, babu allo, babu fitila, sai lamba. Ya buga mariƙin ƙarfen. Aka buɗe wata 'yar ƙaramar ƙofa da ke cikin babbar, sai da muka sunkuya muka shiga.

Duhu muka fara tararwa, da wata siririyar hanya da ta karya dama, ta sake karyawa hagu. Kawu na bayana na ji ya ce, "Af, ai zaure ne." Muna karya kwanar ta biyu sai haske ya zubo mana daga sama.

Na daɗe a tsaye ban ajiye jakar hannuna ba. Tsakar gida ce mai kusurwa huɗu, bene hawa biyu ya kewaye ta, sama a buɗe sai wata leda mai haske da suke jawowa lokacin ruwa. A tsakiya maɓulɓular ruwa ta marmara tana zuba a hankali, bishiyar lemo biyu a gefenta ɗauke da 'ya'ya. Daga ƙasa har zuwa ƙirjin mutum bangon an lulluɓe shi da 'yan gutsattsarin tangaran, shuɗi da kore da fari da ruwan zuma, an jera su sun zama taurari masu shiga cikin juna. Zallij suke kiransa. Na matsa na sa yatsa: kowane ɗaya da hannu aka sassaƙe shi, wani bai fi farcena ba, kuma in ka lura ba su zama daidai da juna cif ba, shi ya sa haske ke rawa a kansu. Sama da tangaran ɗin farin yaɓe ne na farar ƙasa da aka ƙwaƙule kamar aikin allura a wuyan babbar riga. Sama da shi kuma katakon al'ul, ya yi baƙi don tsufa, har yanzu yana ƙamshi in aka yi ruwa. Ƙofofin ɗakunan ƙasa sun ninka tsayin mutum biyu, kowace da ƙaramar ƙofa a cikinta. Hayaniyar kasuwar da muka ratso kuwa ɗif, kamar an rufe tukunya.

Saurayin da ke kula da gidan ya ce "Marhaba bikum," ya zaunar da mu, ya hana mu maganar kuɗi sai mun sha shayi. Koren shayi ne da na'ana'a cike da buta, yana ɗaga ta sama yana tsiyayawa har kumfa ta taru, sukari kuwa kamar ba a saye. Kawu ya kurɓa ya ce wannan ai shayin Buzaye ne aka yi wa wanka. Bayan nan ya kawo mana takardar 'yan sanda da kowane baƙo ke cikewa, nan aka nemi lambar nan ta fasfo. Ɗakin mutum biyu dirhami 550 ne kowane dare har da karin kumallo, ban da ɗan harajin baƙi da ake biya daban.

Matsalar farko matakala ce. Ɗakin da na zaɓa a hoto yana hawa na biyu, matakalar kuwa a cikin bango take, ƙunci, tana murɗawa, kowane taki ya kusa kai gwiwa. Kawu ya hau 5 ya tsaya ya ce, "Ɗan nan, ziyara na zo, ba hawan Dala ba." Saurayin bai ja magana ba, ya ce "Sidi al-Hajj, ɗakin ƙasa naka ne," ya mayar da mu wani dogon ɗaki mai buɗewa tsakar gida, da ƙarin dirhami 100. Ɗakin dogo ne siriri, gado a wannan ƙarshen, gado a wancan, rufinsa can sama an yi masa zane. Ya ce tsawon katakon da ake shimfiɗawa a rufi shi ke yanke faɗin ɗaki. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce haka azara take yi mana.

Matsala ta biyu ba ta da magani. Mu da muka baro hunturun Kano muna ganin mun san sanyi, ashe wasa muke. Gidan nan don zafin bazara aka gina shi: bango mai kauri, rufi mai nisa, tangaran a ƙasa, rana ba ta sauka tsakar gida sai na ɗan lokaci. Da dare ya yi, tangaran ɗin da nake yabo ya zama ƙanƙara. Na taka shi ba takalmi sau ɗaya, ban sake ba. Na'urar ɗumama ɗaki na ta huci, amma zafin sama yake guduwa ya bar mu. Aka ƙaro mana barguna masu nauyin buhun gero, Kawu ya kwana da hula da safa da rawani a wuya. Da asuba na buɗe famfon ruwan zafi, ya zo minti 2 ya ɗauke, wai baƙin sama sun riga mu. Na yi alwala haƙorana na kaɗawa. Washegari abin da muka fara saye shi ne jallabiyar ulu mai hular kanta, irin wadda kowane dattijo a Fas ke sanye da ita, aka fara da dirhami 600 aka daidaita a 350. Kawu bai cire tasa ba sai a Legas.

Asubar ma da nata abin mamakin. Agogonsu ɗaya da namu, ban taɓa wayata ba. Kawu ya tashi ƙarfe 5 kamar yadda ya saba, ya yi nafila, ya zauna jiran kiran salla. Shiru. Ƙarfe 6 shiru. Ya tashe ni ya ce ko dai garin nan ba a kiran asuba. Sai wajen ƙarfe 7 wani ladan ya ɗaga murya daga nesa, wani ya karɓa, kafin ka ce me gari ya ɗauka ta ko'ina, sautin na gangarowa ta saman tsakar gida kamar ana zuba shi a rijiya. Rana ba ta fito ba sai bayan ƙarfe 8.

Akwai wani abu da masu tallar irin waɗannan gidaje ba sa faɗa. Duk tagogi ciki suke kallo, saboda haka babu sirri tsakanin mazauna. In wani ya yi tari a hawa na biyu, na ƙasa zai ce masa sannu. Muna jin cokulan Turawan da ke sama, su ma suna jin carbin Kawu. Gida ne da aka gina wa iyali ɗaya, kaka da 'ya'ya da jikoki, waɗanda ba su da abin ɓoye wa juna sai wa na waje. Da aka zuba baƙi 6 daga ƙasashe 4 a ciki, kowa sai ya koma raɗa. Wata Baturiya ta tambaye ni da safe wace waƙa ce tsohon ke rerawa da duhu, na ce ba waƙa ba ce, ta ce ko mece ce kar ya daina.

Karin kumallo wata mata ce ke yi, kowa na kiranta Lalla. Ta jera mana burodi mai faɗi da ɗuminsa, da zuma, da man zaitun, da zaitun ɗin kansa, da ruwan lemo, da wata waina mai huji-huji da suke kira bagrir, wadda ba ta da maraba da sinasir sai dai babu tsami, da wani fanke mai ninki-ninki da suke kira msemen. Burodin ba a gidan ake gasawa ba. Da safe za ka ga yara da faranti a ka an rufe da ƙyalle, suna kai ƙullin gidansu gidan gashi na unguwa, mai gashin ya san na kowa. Kawu ya ci, ya yi hamdala, sannan ya tambaya a hankali ko akwai yaji. Lalla ta kawo gishiri da wani garin kayan ƙamshi da suke kira kamun. Allah Ya sa na taho da ƙullin yajin ƙuli a jaka. Kwana 2 bayan nan na kama ta tana ɗanɗana shi a kicin, idonta na hawaye, tana cewa "Harr! Harr!"

Zawiyar Shehu tana unguwar Blida, tafiyar minti 10 daga masaukinmu in ba ka ɓata ba. Tun kafin ka isa za ka san ka kusa, don fuskoki na sauyawa: 'yan Senegal da manyan riguna, 'yan Mali, masu shaguna Larabawa suna kiran ciniki da Wolof. Ƙofar ta sha ado, hasumiyar da koren tangaran. Shehu a Ainu Madi ta Aljeriya aka haife shi a 1737, a Fas ya rasu a 1815, kuma a cikin zawiyar aka binne shi. Kawu ya cire takalmi, ya shiga, ya tsaya, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ja baya na ba shi wuri. Ni ba ɗan ɗariƙa ba ne, rakiya na yi, amma ganin mutumin da ya goya ni yana kuka kamar yaro ya sa na nemi gindin ginshiƙi na zauna. Can na ji an ce a bayana, "Sannunku da zuwa, daga ina?" Wani Alhaji ne daga zangon Kumasi, zuwansa na uku. Shi ya riƙa zuwa ɗaukar Kawu wazifa kullum, ni kuma na samu sararin yawo.

Na bi Tala'a Kabira, babbar hanyar da ta gangaro daga Bab Bujulud, ƙofar nan mai shuɗin tangaran ta waje da kore ta ciki, wadda duk da shahararta a 1913 aka gina ta, jaririya ce a garin da aka kafa tun zamanin Idrisu na Ɗaya a ƙarshen ƙarni na 8. Na shiga makarantar Bu Inaniyya ta ƙarni na 14, na ga irin adon masaukinmu amma an ninka shi goma. Na sha bisara, fate-faten wake da man zaitun, a dirhami 10, ita ce ta fi komai yi mini maganin sanyi. A dandalin Saffarin maƙeran tagulla na dukan tukwane har kunne na amsawa. A shagunan huluna ga jar dara tuli, wadda Turawa ke kira da sunan garin. Masu yi wa baƙi jagora na cewa lungunan sun haura 9,000. Ban ƙirga ba, amma na ɓata a cikin kusan 20.

Ɓatan da ya fi ci mini rai na daren Laraba ne. Taswirar waya ta rikice, ɗigon shuɗin na tsalle daga wannan rufi zuwa wancan. Wani matashi ya tare ni ya ce hanyar gaba a rufe take, in biyo shi. Na bi shi muka yi ta zagaye kusan minti 15, ya kawo ni bakin lungunmu ya ce dirhami 100. Na ba shi 20, ya bi ni da baƙar magana har ƙofa. Da safe na gane inda ya tare ni bai fi taku 50 da gidan ba, kuma babu abin da ke rufe. Saurayin masaukin ya ce in na ɓata in tambayi mai shago, shi ba zai bar shagonsa ya bi ni ba.

Magaribar Alhamis muka yi a Ƙarawiyyin, masallacin da Fatima al-Fihriyya ta kafa a 859, wanda har yau ake lissafa shi cikin tsofaffin wuraren karatu na duniya. Daga waje ba ka ganin girmansa, shaguna sun manne masa ta ko'ina, sai ka shiga ka ga sahun ginshiƙai ba iyaka. Mafi yawa sun saki hannu, liman ya yi sallama ɗaya. Bayan salla aka yi da'ira aka fara karatun hizbi baki ɗaya, da Warshu. Kawu ya saurara kaɗan, sai na ji ya shiga cikinsu, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ɗauki Alƙur'ani daga kanta na buɗe: fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, rubutun allon da aka koya mini a makarantar Malam. Dattijon da ke gefensa ya riƙe hannunsa bayan an shafa ya tambayi inda ya yi karatu. Ya ce Kano. A nan babu wanda ya yi wa Larabcinsa dariya.

Majemar Shuwara kuwa hanci ne ke kai ka. Ana hawa saman shagunan fata a leƙa, a ƙofa a ba ka reshen na'ana'a ka toshe hanci. Kawu ya mayar musu da nasu, ya ce shi da ya yi shekara 20 yana sayen ƙirgi ba a yi masa wannan. Ramuka ne jere kamar na marinar Ƙofar Mata, farare na farar ƙasa da kashin tattabaru, sauran na rini, maza a ciki har cinya cikin wannan sanyi. Mai shago ya ɗauko jaka yana yabon fatar Maroko da duniya ta sani. Kawu ya murza ta, ya shinshina, ya ce in gaya masa cewa da yawan abin da Turawan zamanin da suke kira fatar Maroko, fatar jar akuyar Sakkwato ce da aka jeme a ƙasar Hausa, ayari ya ƙetaro Sahara da ita. Na fassara. Mutumin ya yi dariya ya ce to ai mu 'yan gida ne, ya rage dirhami 50, wanda na tabbata ya riga ya ɗora 200.

Ranar Juma'a rabin kasuwa a rufe, gari ya yi tsit, kowane gida ƙamshin kuskus. Lalla ta yi mana namu a babban akushin ƙasa, da kabewa da karas da naman rago a tsakiya, muka ci tare da ma'aikatan gidan. Bayan la'asar Kawu ya tafi zikirin Juma'a, ni na hau saman soro da saurayin nan. Daga can Fas kamar an kife ƙwarya an zuba gidaje: rufi manne da rufi, tauraron ɗan adam a kan kowanne, shanya, kyanwoyi, koren rufin Ƙarawiyyin a tsakiya, dutsen Zalag a baya. Kowane gida da ramin tsakar gidansa a buɗe yana kallon sama.

Na tambaye shi gidan na waye. Ya ce na wasu 'yan kasuwar tufafi ne a da. Magada suka yi yawa, masu hali suka koma sabon gari da Kasabulanka inda mota ke kaiwa ƙofar gida, aka bar shi ana haya ɗaki-ɗaki, iyali 7 a ciki, har rufi ya fara zuba. Wani ɗan ƙasar da ya yi aiki a Faransa ya saya, ya yi shekara 3 yana gyara, duk kayan aikin a bayan jaki aka shigo da su. Tun da UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya a 1981 ake ta irin wannan gyara. Na ce to iyalan nan 7 fa? Ya ɗaga kafaɗa. Na ce shi a ina yake kwana? Ya nuna wasu dogayen benaye can bayan ganuwa, ya ce can akwai ruwan zafi. Ban san abin da zan ce ba. Gidan ya tsira, amma waɗanda ke shan inuwar lemonsa yanzu irina ne, masu kwana 5 su tafi.

Daren ƙarshe na fito na tarar da Kawu shi kaɗai a tsakar gida cikin jallabiyarsa, an kashe fitilu sai ɗaya. Ya ce in zauna. Ya ce, "Ka tuna gidan Malam?" Gidan kakanmu yake nufi, a cikin birni. Na ce kaɗan-kaɗan. Sai ya fara zana mini shi da yatsa a kan tebur: zaure na fari inda almajirai ke karatu, soro na biyu mai daurin guga, a karya a shiga shigifa, sannan tsakar gida da rijiya da bishiyar lemun tsami. Daga waje bango ne kawai da makuba da zanko, mai wucewa bai san me ke ciki ba. Da zafi ɗakunan sanyi ƙalau. Bayan rasuwar Malam aka raba gado, aka ce ginin ƙasa wahala ne, yaɓe duk shekara, aka sa katafila. Yanzu shaguna 6 ne na bulo a wurin, da rufin kwano. Ya ce, "Har da sa hannuna." Muka yi shiru, ruwan na ta zuba.

Da safe mai amalanken nan ya dawo. Lalla ta ƙulle mana burodi da zaitun, na bar mata sauran yajin. Duk abin da muka kashe a masaukin, da abincin dare uku, bai kai dirhami 4,000 ba. Dawowa babu labari, jirgin ƙasa, jirgin sama, zafin Legas, sai Kano.

Mako guda gidan Kawu bai rabu da 'yan sannu da zuwa ba, ana karɓar tsarabar carbi da turare, yana ba da labarin zawiya har muryarsa ta dushe. Da mutane suka ragu mahaifiyata ta zo. Ita ba ta tambayi zawiya ba, ta ce, "To a ina kuka kwana?" Ya ce, "Yaya, a gidan Malam muka kwana." Ta ce in ba ta wayar. Ta wuce hoton tangaran, ta wuce na maɓulɓula, ta tsaya a kan ƙofar waje mai ƙusoshi, ta buɗe hoton da yatsu biyu ta daɗe tana kallo. Ta ce tamu ta fi wannan faɗi, ina ma aka kai ta? Kawu ya ce mai itacen bakin kasuwa ne ya saye ta, tare da azarar.